Alamtar da Adalci a Gine-gine da Zane-zane: Wa Ake Ja wa Kunne, Alƙali ko Mai Ƙara?

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda al'ummomi suka siffanta adalci a jikin bango da dutse da tsarin gini, tun daga mizanin tsohuwar Masar har zuwa Kotun Tsarin Mulkin Afirka ta Kudu. Tambayar da aka ɗora nazarin a kanta ita ce: wa alamar take fuskanta? An nuna cewa akwai alamomin da aka kafa don jan kunnen mai yanke hukunci, akwai waɗanda aka kafa don cusa kwarjinin hukuma a zuciyar mai ƙara, akwai kuma waɗanda ke buɗe wa talaka hanyar kai kuka. Maƙalar ta kawo hujjar cewa tun daga ƙarni na 19 nau'i na biyu ya danne sauran, kuma ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka shi suka fi gada.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga harabar babbar kotu, ko ya dubi allon ofishin wani lauya, ya san matar nan mai sikeli a hannu ɗaya, takobi a ɗayan, idanunta a ɗaure da ƙyalle. Bayanin da ake bai wa ɗalibin shari'a game da ita gajere ne: sikeli auna hujja ne, takobi ikon zartar da hukunci ne, ƙyalle kuwa ba sani ba sabo. Bayanin ba ƙarya ba ne, sai dai ya jera abubuwa uku da ba tsarar juna ba tamkar rana ɗaya aka haife su. Sikeli ya haura shekara 3,000 yana wakiltar adalci. Ƙyallen bai wuce shekara 500 da 'yan kai ba, kuma ranar da ya fara bayyana a fuskar adalci zambo aka yi da shi.

Manufar maƙalar ita ce warware waɗannan alamomi ɗaya bayan ɗaya, a mayar da kowace zuwa wurin da aka fara kafa ta, a ga wanda aka so ya kalle ta. Za a haɗa da tsarin ginin kansa, domin matakala da ƙofa da tsayin kujerar alƙali suna isar da saƙo ga wanda bai taɓa jin sunan wata allahiyar Rumawa ba.

2.0 Waiwaye a Kan Ayyukan Magabata

Ana iya kasa ayyukan da suka gabata gida uku. Na farko su ne masu fassara alama a matsayin ƙamus. Jagoransu shi ne Cesare Ripa, wanda littafinsa Iconologia ya fito a birnin Rum a 1593, aka sake buga shi da hotuna a 1603. Ripa ya tsara wa masu zane yadda za su siffanta kyawawan halaye da munana, kuma masu zanen Turai sun yi kusan ƙarni biyu suna ɗiba daga gare shi. Raunin wannan hanya shi ne ɗaukar ma'ana a matsayin abin da ba ya motsi.

Gida na biyu na masana tarihin zane da tarihin siyasa ne. Rubinstein (1958) da Skinner (1986) sun yi saɓani a kan tushen tunanin da ke cikin zanen Lorenzetti na birnin Siyena: na farko ya jingina shi ga Aristotal da Tomas Akwinas, na biyu ya mayar da shi ga marubutan Rumawa irin su Sisero da Seneka. Jacob (1994) ya bi sawun hotunan shari'a a Faransa da Jamus tun tsakiyar zamani, Jay (1999) kuma ya tattauna matsalar ɗaure ido. A ɓangaren daulolin Musulunci, Necipoğlu (1991) ta nazarci fadar Topkapi, Rabbat (1995) ya yi aiki a kan gidajen da ake kira Darul Adli, Darling (2013) ta bi tarihin tunanin nan da ake kira da'irar adalci.

Gida na uku na masana shari'a ne da suka juya ga gini. Resnik da Curtis (2011) sun tattara misalai masu ɗimbin yawa, suka nuna yadda sauraron shari'a a bainar jama'a ya tashi daga biki na nuna ikon sarki ya zama haƙƙin ɗan ƙasa. Mulcahy (2011) ta nuna cewa a kotunan Ingila sararin da aka ware wa jama'a ya yi ta ƙanƙancewa, ana ta katange su daga alƙali da lauyoyi. Wannan maƙala ta amfana ƙwarai da ayyukan nan biyu. Giɓin da ta hango shi ne, gine-ginen daulolin Musulunci da na Afirka ta Yamma sukan zo ne a gefe, alhali su ne suka fi fito da nau'in alama na uku fili. Ayyukan Moughtin (1985) da Dmochowski (1990) a kan ginin Hausa sun bayyana fasali da dabarar magina, amma ba batun shari'a ne gabansu ba.

3.0 Hanyar Nazari

An ɗauki matakai uku na Panofsky (1939): bayyana abin da ido ke gani, gano labarin da siffar ke nuni gare shi, sannan fito da tunanin zamanin da ya haife ta. An ƙara mataki na huɗu, wato tantance mazaunin alamar: a ina aka kafa ta, wa ke zaune ko tsaye a gabanta. Saboda haka an taƙaita misalai ga ayyukan da aka yi domin wurin shari'a ko wurin mulki, ban da 'yan kaɗan da aka kawo don asali.

An yi amfani da keɓaɓɓun kalmomi uku. Alamar jan kunne ita ce wadda ke fuskantar mai hukunci. Alamar kwarjini ita ce wadda ke fuskantar mai ƙara da wanda ake tuhuma. Alamar iso, daga iso da ake yi wa baƙo a fada, ita ce wadda ke shaida wa mai kuka cewa akwai hanyar da zai kai ga mai iko.

4.0 Nazari

4.1 Mizani

A takardar Ani ta tsohuwar Masar, wadda aka rubuta wajejen shekara ta 1250 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), take kuma ajiye a gidan tarihin Birtaniya, an zana zuciyar mamaci a faranti ɗaya na sikeli, gashin tsuntsu na allahiya Ma'at a ɗayan. Cikin allolin Masar, Anubis na duba ma'aunin, Tot na rubuta sakamako, wata dabba na jiran zuciyar da ta gaza. Abin lura shi ne mutum ake aunawa, ba hujjar masu jayayya ba, kuma babu wanda ya fi ƙarfin wannan awo. A kan dutsen dokokin Hammurabi na Babila, mai tsayin kimanin mita 2.25, wanda aka tono a Susa a 1901, babu sikeli. Sarki ne a tsaye gaban allansu Shamash da ke zaune riƙe da sanda da zobe, waɗanda masana da dama ke fassarawa da kayan awon magina. A nan ma sarkin ne a tsaye, wani ne a zaune.

Wannan ma'ana ta mizani ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Ya san ta daga Alƙur'ani, a surori irin su Rahman da Hadid, ya san ta daga wa'azin ranar hisabi, ya kuma san ta a kasuwa, inda tauye mudu ya zama sunan zalunci kowane iri. Shi ya sa sikeli ne kaɗai cikin alamomin uku ya ratsa addinai ba tare da gardama ba. A Jan Ganuwa ta Delhi, wadda Shah Jahan ya kammala a 1648, an sassaƙa sikeli a saman wata tagar marmara a ɓangaren da sarki ke zama, babu hannun da ke riƙe da shi, babu siffar mutum. Wanda ya fi kowa ganin wannan sassaƙa shi ne sarkin kansa.

4.2 Ƙyallen ido

Rumawa sun buga siffar Justitiya, allahiyarsu ta adalci, a kan kuɗinsu tun ƙarni na 1, idanunta a buɗe. A tsakiyar zamanin Turai ɗaure ido aibi ne. A jikin majami'ar Sitirasbog akwai mutum-mutumin wata mace mai ɗaurarrun idanu, na wajejen 1230, da aka yi don nuna wanda Kiristocin lokacin ke ganin ya kasa gane gaskiya. Da wannan ma'ana ƙyallen ya hau fuskar adalci. A littafin Sebastian Brant mai suna Jirgin Wawaye, wanda aka buga a Basel a 1494, an zana wani wawa mai hular ƙararrawa yana ɗaure wa adalci ido ta baya, a babin da ke sukar masu son kai ƙara ba gaira ba dalili. A kundin dokokin laifuka na Bambag na 1507 an zana alƙalai gaba ɗayansu da ɗaurarrun idanu da hulunan wawaye.

Ba a cika shekara 50 ba ma'anar ta juye. A 1543 Hans Gieng ya kafa mutum-mutumin adalci a kan wata rijiyar famfo a birnin Ban na ƙasar Suwizalan, idonta a ɗaure, a ƙarƙashin ƙafafunta kuwa ga Fafaroma da Sarkin Daular Rum Mai Tsarki da Sultan da shugaban birni. A nan ƙyallen yabo ne: ba ta duba rawani. Lokacin da wannan juyi ya faru shi ne lokacin da biranen Turai ke mayar da shari'a hannun ƙwararrun da suka karanci dokokin Rum a jami'a, ake kuma ƙoƙarin raba alƙali da dangantakar da ta ɗaure shi da masu gari.

Duk da haka ƙyallen bai taɓa samun karɓuwa ko'ina ba. Mutum-mutumin da F. W. Pomeroy ya yi a kan ƙubbar kotun Old Bailey ta Landan, ginin da aka buɗe a 1907, idonsa a buɗe yake. Na gaban Kotun Ƙolin Birazil, aikin Alfredo Ceschiatti na 1961, a zaune yake da ɗaurarren ido da takobi a cinya, babu sikeli ko kaɗan. A watan Oktoba na 2024, a zamanin Alƙalin Alƙalai D. Y. Chandrachud, Kotun Ƙolin Indiya ta kafa sabon mutum-mutumi a ɗakin karatun alƙalai, sanye da sari, ido a buɗe, kundin tsarin mulki a madadin takobi. Ƙungiyar lauyoyin kotun ta yi ƙorafin ba a shawarce ta ba.

Harshen Hausa ya riƙe ma'anonin biyu a cikin kalma guda, abin da ya sa ya zama kyakkyawan ma'aunin wannan matsala. In an ce alƙali ya rufe ido ya yanke hukunci, ana nufin bai duba sanayya ba. In an ce an yi rufa-ido, ana nufin an yi dabo, an yaudari masu kallo. Mai ƙarar da ya sha ɗage zama zai iya duban matar nan ya karanta ta da ma'anar Brant, ba ta Gieng ba. Hausawa ma sun siffanta shari'a da mace, amma mace mai ciki, wadda ba a san abin da za ta haifa ba. Wannan siffa daga bakin mai jiran hukunci ta fito, ita kuwa ta Turai daga bakin masu gina kotu.

Siffar mutum kanta ba ta tsira daga gardama ba. A Bangaladash an kafa mutum-mutumin adalci sanye da sari a gaban Kotun Ƙoli a ƙarshen 2016, aka cire shi a watan Mayu na 2017 bayan zanga-zangar ƙungiyoyin addini, aka mayar da shi gaban wani reshen ginin. Alamar da wani ɓangare na jama'a ke gani gunki ba za ta iya ɗaukar saƙon rashin son kai zuwa gare su ba, ko da me mai sassaƙar ya nufa.

4.3 Zanen da ke fuskantar alƙali

Nan ne gundarin hujjar maƙalar yake. A tsakanin 1338 da 1339 Ambrogio Lorenzetti ya zana bangon ɗakin da mutum 9 masu mulkin Siyena ke zama. A bango ɗaya adalci na zaune, idonta na duban hikima da ke sama, daga farantan sikelinta igiya ta sauko ta bi hannun 'yan gari 24 har ta kai ga dattijon da ke wakiltar birnin. Ma'ana, abin da ya ɗaure mai mulki da jama'a daga adalci ya taso. A wani bangon ga azzalumin sarki mai ƙaho, a ƙarƙashinsa adalci a ɗaure, sikelinta a karye, gidaje na rushewa, gonaki sun zama kufai. Ba a dandali aka yi zanen ba. A ɗakin shawara aka yi shi, inda masu mulki za su ɗaga kai su gan shi kullum.

Misalin da ya fi tsanani shi ne na birnin Buruj a ƙasar Beljiyam ta yau. A 1498 Gerard David ya kammala alluna biyu domin zauren mahukuntan birnin, a kan labarin da Herodotus ya kawo na Sisamnes, alƙalin Farisa da ya karɓi cin hanci. A allo na farko ana kama shi a kan kujerarsa, can baya kuma an nuna shi yana karɓar jakar kuɗi a ƙofar gida. A na biyu an kwantar da shi a kan tebur ana feɗe shi da rai bisa umarnin Sarki Kambisis, can baya ɗansa na zaune a kujerar alƙalanci da aka shimfiɗa wa fatar uban. Mai zanen ya sa wa mutanen tufafin zamaninsa, ya zana gine-ginen Buruj, don kada wani ya ce labarin wata ƙasa ne. Mahukuntan da kansu suka biya kuɗin aikin. A zauren majalisar Janeba kuma akwai zanen farkon ƙarni na 17 na alƙalai marasa hannuwa, wato waɗanda ba su da abin karɓar toshiya. Zauruka da yawa a Jamus da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita sun rataya hoton ranar hisabi a inda ake shari'a.

Ba a kawo waɗannan don yabon shari'ar wancan zamani ba, wadda ta halatta azabtar da wanda ake tuhuma don ya amsa laifi. Abin da ake so a lura da shi shi ne inda barazanar ta dosa. Hukuma ta yarda a bainar jama'a cewa alƙali na iya zama ɓarawo, ta kuma rubuta haka a bangon da ke gabansa. Da wuya a sami kotun zamani da ta yi irin wannan iƙirari a jikin gininta.

4.4 Girman gini da gilashi

A ƙarni na 19 kotu ta fita daga zauren gari ta sami gininta na kanta, saƙon kuma ya juya ya fuskanci titi. Fadar Shari'a ta Burasel, wadda Joseph Poelaert ya tsara, aka gina daga 1866 zuwa 1883, ta mamaye kimanin murabba'in mita 26,000 a kan tudun da a da ake rataye masu laifi. Sai da aka rushe wani yanki na unguwar talakawa ta Marol kafin a sami filin, har kalmar mai tsara gini ta zama zagi a bakin mutanen unguwar. Ginin da aka yi da sunan adalci ya fara ne da tashin marasa ƙarfi, sa'annan ya tsaya a kansu yana kallon su daga sama.

Kotun Ƙolin Amurka, wadda Cass Gilbert ya tsara aka kammala a 1935, ta ari siffar haikalin Rumawa: ginshiƙan marmara, matakala 44, da rubutu a goshin ginin mai alkawarin daidaito a gaban doka. Hawan matakalar zuwa ƙarƙashin wannan rubutu shi ne cikar ma'anar ginin. A watan Mayu na 2010 kotun ta hana shiga ta babbar ƙofar saboda tsaro, ta mayar da jama'a ƙananan ƙofofin gefe. Mai Shari'a Stephen Breyer, tare da Ruth Bader Ginsburg, ya fitar da sanarwar nuna takaici. Wannan ya tabbatar da cewa alƙalan kansu sun san ƙofa magana ce.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an nemi maganin kwarjini a wurin gilashi. Kotun Tsarin Mulkin Jamus da ke Kalsruhe, aikin Paul Baumgarten na 1969, gini ne marar tsawo mai bangon gilashi, an yi shi da gangan don ya saɓa wa gine-ginen zamanin Nazi. Richard Rogers ya bi wannan tafarki a Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da kotun Bodo. Amma gilashi baki biyu gare shi. Lokacin da aka buɗe sabuwar kotun Faris ta Renzo Piano a 2018, lauyoyin Faransa na cikin yaƙi da akwatunan gilashi da ake tsare waɗanda ake tuhuma a ciki yayin shari'a, suna cewa mutum na bayyana kamar mai laifi tun ba a yanke hukunci ba. Tun a 2014 Kotun Turai ta yanke cewa saka wanda ake tuhuma a kejin ƙarfe, kamar yadda ake yi a Rasha a lokacin, wulaƙanci ne da ya saɓa doka. Abin da ke nuna gaskiya a bangon waje shi ne ke killace mutum a ciki.

4.5 Taga, sarƙa da zaure

Daulolin Musulunci, da yake ba su ɗauki siffar mutum ba, sun zuba ma'anar a cikin gini. Wajejen 1163 Nuruddin Zangi ya gina Darul Adli a Dimashƙu, inda yakan zauna da alƙali da malaman fiƙihu don sauraron koke-koken da ake yi a kan manyan hafsoshinsa, waɗanda alƙali shi kaɗai ba ya iya tanƙwarawa. Samuwar ginin kanta gargaɗi ce ga hafsoshin. A fadar Topkapi ta Santambul, gini mafi tsawo shi ne Hasumiyar Adalci. A jikinta akwai wata taga mai raga da ke leƙa zauren majalisar waziri. Sultan na iya zama bayan labule ya saurara, waziran kuwa ba su san ko yana nan ko ba ya nan ba. Wannan kishiyar ƙyallen Turai ne: maimakon a rufe idon mai hukunci, sai aka ɗora masa wani ido a kansa. Sai dai tagar ta zo ne daidai lokacin da sarakunan Usmaniyya suka daina halartar majalisa da kansu, saboda haka alama ce ta sa ido kuma alama ce ta ɓuya.

Jahangir, da ya hau gadon Mugal a 1605, ya ba da labari a tarihin rayuwarsa cewa ya sa an rataya sarƙar zinariya mai ƙararrawa 60 daga hasumiyar ganuwar Agra zuwa wani ginshiƙin dutse a bakin kogin Yamuna, domin wanda ma'aikata suka hana shi haƙƙinsa ya girgiza ta sarki ya ji. Wannan ita ce alamar iso tsantsa. Bambancinta da mutum-mutumi shi ne ana iya jarraba ta: ko dai an ja an amsa, ko an ja an yi shiru.

A nan ƙasar Hausa ke shigowa da hujjarta. Risalar da Shaihu Al-Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ta yi ta maimaita gargaɗi a kan sarki ya ɓoye kansa daga talakawansa, ta ɗauki hakan tushen ɓarna. Tsarin gidan sarauta ya fassara wannan da ƙasa da azara. Zaure ɗaki ne da ba ciki ba ba waje ba, mai ƙofa biyu, ɗaya ta titi ɗaya ta gida, inda mai gida ke fitowa ya tarar da wanda ya zo. Zaman fada fitowa ce. Haka kuma Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu a shekarun 1830, ya haɗa da ɗakin shari'a a harabarsa, ta yadda alƙali ke hukunci a jikin wurin da yake sujada. Ba a buƙaci hoton ranar hisabi a bango ba, mazaunin ɗakin ya wadatar.

Bai kamata a ƙawata hoton fiye da kima ba. Zaurukan fada jere suke, kowane da mai tsaronsa, kuma kalmar iso kanta na nuna cewa akwai mai yi wa mutum iso, wanda zai iya hanawa. Mai kuka yakan tuɓe takalmi ya durƙusa. Kwarjini na nan, amma an cakuɗa shi da kusanci. Da aka soke kotunan sarakuna a Arewacin Nijeriya a ƙarshen shekarun 1960, an sami raba shari'a da sarauta, wanda ci gaba ne ta fuskar 'yancin alƙali. Abin da ba a yi ba shi ne tambayar wace siffa sabon wurin shari'a zai ɗauka. An gaji dakalin alƙali da akwatin wanda ake tuhuma da hular gashin lauya kamar yadda aka same su.

4.6 Adalci a gindin bishiya

Afirka ta Kudu ta yi wannan tambaya. An gina Kotun Tsarin Mulkinta a Johannasbag a cikin harabar tsohon kurkukun da aka taɓa tsare Mahatma Gandhi da Nelson Mandela, aka buɗe ta ranar 21 ga Maris, 2004. Tambarin kotun ba mace ba ce mai takobi. Bishiya ce da mutane baƙaƙe da farare a inuwarta, daga al'adar dattawa ta yin sulhu a gindin itace, al'adar da duk wanda ya tashi a ƙauyen Hausa ya san irinta a gindin durumi ko ceɗiya. Ginshiƙan farfajiyar shiga a karkace suke kamar kututture, haske na saukowa ta ƙananan kafofi kamar ta tsakanin ganye. An rubuta sunan kotun da harsunan hukuma 11 na lokacin, an sassaƙa haƙƙoƙi 27 na kundin tsarin mulki a jikin ƙyauren katako, an shimfiɗa fatun shanun Nguni a gaban teburin alƙalai. Masu Shari'a Albie Sachs da Yvonne Mokgoro ne suka jagoranci tara zane-zanen da ke cikin ginin.

Akwai abin da za a iya cewa a kan wannan. Inuwar bishiyar gargajiya ba ta rufe kowa daidai ba, domin a wurare da yawa mata ba su da bakin magana a can, kuma doguwar muhawarar da aka yi a majalisar ƙasar kan dokar kotunan gargajiya ta taso da wannan batu. Ban da haka, kotun ƙoli ce, wadda ƙalilan ne cikin masu ƙara ke isa gare ta.

Amma ta fuskar rabe-raben da maƙalar ta yi, abu mafi muhimmanci a ginin ba bishiyar ba ce, abubuwa biyu ne da ke cikin zauren shari'ar. Na farko, an rushe ɓangaren kurkukun da ake tsare masu jiran shari'a, aka ɗebi jan bulonsa aka gina bangon zauren da shi, ba a yi masa yaɓe ba. Alƙalai 11 na zaune ne a tsakiyar bulon da ya tsare mutanen da dokar wariyar launin fata ta kama, dokar da alƙalai ne suka zartar da ita shekara da shekaru. Wannan alamar jan kunne ce irin ta Buruj, sai dai laifin da take tunatarwa ba na wani Bafarishe ba ne, na kotunan ƙasar ne da kansu. Na biyu, zauren ya ɗan nutse ƙasa, an kuma bar wata siririyar taga a daidai doron titi. Wanda ke ciki ba ya ganin fuskar masu wucewa, ƙafafunsu kawai yake gani suna giftawa yayin da lauya ke magana.